Labarin da Baba Hayatu Ya Sayar

Gidanmu yana unguwar Rumde Ajiya a Garwa, a gefen hanyar da ake koro shanu zuwa mayanka. Ba wani gida ba ne na a zo a gani. Ɗaki uku ne na ƙasa, sai rijiya, sai rumfa a ƙofar gida inda nake girka tukwanen ragadada. Amma rumfar nan ita ke ci da ni da 'ya'yana biyar tun da maigidana Muntaka ya rasu. Mahauta in sun tashi daga yanka da hantsi, a wurina suke zubewa. Rijiyar kuwa ita ce rabin sana'ar, don tumbin sa guda sai ya sha ruwa tulu uku kafin ya wanku.

Alhaji Mahamman, mai motocin dakon auduga, ya sayi filin da ke jikin nawa. Shekara biyu yana aiko mini da mutane wai in sayar masa da rumfar da rijiyar, motocinsa su samu wurin juyawa. Duk wanda ya aiko, sai in zuba masa romo ya sha, in ce ya gaida Alhaji. Ban taɓa jin ɗar ba, don ina da Baba Hayatu.

Baba Hayatu tsohon dillalin shanu ne a tike, wato kasuwar dabbobi, aminin mahaifina. A gabansa Ardo Jabbo ya ba mahaifina filin nan, shekarar wata annobar shanu, bayan mahaifina ya yi kwana arba'in yana feɗe masa dabbobin da suka faɗi, ya tsirar masa da fatu, bai karɓi ko dala ba. Baba Hayatu ne ya riƙe igiyar awo ranar. Duk waɗanda suka halarta sun riga mu gidan gaskiya, shi kaɗai ya rage. Kuma ba ya gajiya da ba da labarin. A wurin suna ya ba da shi, a zaman makoki ya ba da shi, in ka tsaya gaishe shi a hanya ya kama hannunka ya ɗauko shi tun daga farko. Mun ji har mun ƙosa, har ya zama da ya ce "shekarar annoba" sai ka ga kowa ya tuna yana da uzuri.

Ana nan, a zamanin shugaban ƙasa Ahijo, shekarar da ta biyo bayan farin nan da ya karya darajar shanu, sai ga wata mata daga Yawunde, Madam Madeleine. Wata cibiyar bincike ce ta aiko ta ta rubuta tarihin mahautan Garwa. Siririya ce mai tabarau, ga ladabi kamar wadda ta yi wa mutane laifi. Tana rataye da rakoda, a bayanta kuma Fulbert, wani tsohon malamin lekol, wato makarantar boko, daga duwatsun Mokolo, shi ke yi mata tafinta. Hausarsa ta kasuwa ce, amma tana isar da saƙo.

Makon farko ba wanda ya kalle ta. Mahauci da wuƙa a hannu, mai saye a gabansa, ina ya ga lokacin amsa "a ina aka haifi kakanka"? Sai Madam ta ce ai dama cibiyarsu ta yi tanadi: duk wanda ya zauna da ita awa guda, za a ba shi dala ɗari, wato sefa ɗari biyar. Ta ce ba kuɗin magana ba ne, ladan lokacin da mutum ya ɓata ne. Sau uku ta nanata wannan, Fulbert ya fassara sau ɗaya, mu kuwa dala ɗarin kawai muka ji.

Wallahi ban san Garwa na da masana tarihi haka ba sai a wannan watan. Masu sayar da goro suka tuna ashe kakanninsu mahauta ne. Wani mai gyaran keke ya kwashe awa biyu yana bayanin yadda ake kayar da raƙumi, shi da ko kaza zai ci sai ya kai wa liman ya yanka masa. Har Alhaji Mahamman, da motocinsa shida, ya sa babbar riga ya je ya cika awarsa, ya ninke dala ɗarinsa ya zura a aljihu. Ni ma na je, ba zan ɓoye ba. Na ba ta labarin ragadada tun daga babbaka ƙafar sa har zuba yaji, ina jan maganar a hankali ina satar kallon agogon hannunta.

Wata rana suka zauna a rumfata cin abinci, na ga Madam ta yi zugum. Na tambayi Fulbert ko ba ta da lafiya ne.

"Lafiyarta ƙalau," in ji shi. "Mutum goma sha ɗaya sun ce mata kakansu ne ya fara yanka a Garwa. Tana neman wanda zai ce ba kakansa ba ne."

Tausayinta ya kama ni. Na ce in gaskiya take nema, su taso in kai su inda take. Ni na kai ta gidan Baba Hayatu da ƙafata, kuma wannan ne abin da ya fi ci mini rai har yau.

Baba ya ga kunnen da bai taɓa jin labarinsa ba, ai sai ya gyara zama. Awa uku cur yana yi. Ya faɗi sunan Ardo da na ubansa, ya faɗi sunayen mutum bakwai da suka tsaya shaida, ya faɗi inda aka kafa igiya: daga tsamiya zuwa bakin kwazazzabo, taku tamanin, rijiyar ma a ciki aka haƙa ta bayan damina biyu. Madam ta canja kaset sau biyu, idanunta sai ƙyalli suke yi. Da ya gama, ta ɗauko kuɗin awa uku ta ajiye a kan tabarma da hannu biyu.

Baba ya dubi kuɗin, ya dubi Fulbert. "Wannan fa?"

"Ladan lokacinka ne, Baba. Madam ta ce lokacin da ka ɓata."

Baba ya yi dariya har da tari. "Lokacina? Malam Fulbert, tun da ƙafafuna suka ƙi kai ni tike, daga hantsi zuwa azahar ina nan ina korar ƙuda, ba wanda ya taɓa taya lokacin nan. In lokaci take saye, ta zo gobe mu zauna shiru in cika mata yini. Ka gaya mata ta faɗi gaskiya, abin da ya shiga akwatin nan take so."

Nan fa shaiɗan ya zuga ni. Na ga tsoho, na ga rigarsa ta koɗe, na ga matar nan tana da kuɗin gwamnati a jaka. Sai na zungure shi, na ce, "Baba, taya ka aka yi fa. Kai da ka tsufa a tike, ka manta abin da ake cewa?"

Bakinsa ya riga tunaninsa. "Albarka," in ji shi.

Fulbert ya yi wa Madam bayani cewa tsoho ya raina tayin. Kunya ta rufe ta. Ta yi doguwar magana da Faransanci, wai gaskiya ne, an daɗe ana kwasar ilimin tsofaffin Afirka a banza. Ta buɗe ƙaramar jakarta ta ƙara dala hamsin daga aljihunta.

Baba ya ce, "Na sallama. Allah ya ba da riba."

Sai aka fito da takarda. Fulbert ya karanta ta da Faransanci har ƙasa, sannan ya dunƙule mana ita da Hausa. "Abu uku ta ce. Ba a tilasta ka ba. Za a ɓoye sunanka. Abin da ke cikin kaset ya zama mallakar cibiya."

"Ai haka ciniki yake," in ji Baba. Ya dangwala yatsa, ni da Fulbert muka sa hannu a matsayin shaidu. Har na isa gida ina dariya, ina jin na yi wa tsoho rana.

Daga ranar Baba Hayatu bai sake cewa "shekarar annoba" ba. Mutane suka lura, suka ce tsufa ne. Ni har cewa na yi Allah ya saka wa Madam da alheri, ta kwashe mana shi ta tafi da shi.

Bayan wata uku, na fito da safe zan hura wuta, sai na tarar da turaku huɗu an kafa, ɗaya a tsakiyar murhuna. Alhaji Mahamman ya gaji da aike. Ya samo takarda mai hatimi daga wanda ya sayar masa da fili, wai iyakarsa ta haɗa da rumfa da rijiya. Na tumɓuke turakun na dafa ragadada da su, shi kuwa ya kai ni gaban alƙali. Alƙali ya duba takardar ya ce, "Ke Dela, ga rubutu ga hatimi. In kina da mutum ɗaya da ya ga awon filin da idonsa, ki kawo shi nan da mako biyu. Shaidarsa da rantsuwarki sun ishe ni. In babu, takarda ce za ta yi magana."

Na ce, "Allah ya gafarta malam, ko yau kake so sai in kawo shi."

Daga kotu gidan Baba na zarce, ko ruwa ban sha ba. Na zayyana masa komai. Ya saurara yana jan carbi, fuskarsa tana canjawa, har na gama.

"Delu," in ji shi, don haka yake kirana tun ina goye, "na sayar."

"Me ka sayar?"

"Labarin. A gabanki aka yi. An taya, na ce albarka, an ƙara, na sallama, na dangwala yatsa. Ke ce ma shaida."

Na yi dariya, na zaci tsokana ce. Sai na ga shi bai yi ba.

"Haba Baba! Magana ce fa, ba saniya ba. Tana nan a bakinka, ba inda ta je."

"Saniya ma in an sayar da ita takan kwana a garken mai ita kafin a zo a kora. Kwananta a wurinka ya mai da ita taka?"

"Alhaji Mahamman ma an biya shi, ga shi can yana ta zuba a gari!"

"Alhaji direba ne da ya yi arziki. Ni dillali ne." Ya ajiye carbin. "Kin san yayana Ishaku? Ba ki san shi ba, ba a haife ki ba. Bijimi ɗaya ya sayar wa mutum biyu, sau ɗaya tak a rayuwarsa. Aka tara jama'a a tike aka karɓe sandarsa. Ya bar garin nan da dare bai yi wa uwarmu sallama ba, har ta mutu ba ta sake ganinsa ba. Ni tun ranar na rantse, abin da na sallama ba na sake ɗora masa hannu. Ga kuɗin nan ban taɓa ba. Je ki ce wa Madam ta karɓi abinta a warware ciniki, in tashi in bi ki kotu ko da rarrafe ne."

To, na ce wannan ai mai sauƙi ne. Washegari na ɗauko shi a bayan keken wani maƙwabcina, muka je masaukin Madam. Ta tarbe mu da murna, ta kawo kujeru da ruwan sanyi. Da Fulbert ya fassara mata abin da ya kawo mu, sai ta dafe ƙirji.

"Madam ta ce labarinka naka ne," in ji Fulbert. "Ta ce ba ta taɓa sayensa ba. Ka je ka faɗa wa duk wanda kake so."

"Madalla," in ji Baba. Ya kwance bakin rawaninsa ya fito da kuɗin. "Tun da ba ta saya ba, ga abinta."

Madam ta ja kujerarta baya kamar an miƙo mata garwashi. Ta ce ba zai yiwu ba. Resi, wato takardar shaidar biya, ya riga ya tafi Yawunde, kuma a duk takardun cibiyarsu babu gurbin da aka tanada don kuɗin da ya dawo daga hannun wanda aka yi hira da shi. In aka ji ta karɓi kuɗi daga tsoho talaka, aikinta ya ƙare, za a ce tatsar mutane take yi. Ta ce ya ɗauka kyauta ce.

"Kyauta?" Baba ya ɗaga babban yatsansa. "Malam Fulbert, a ƙasarku in an yi wa mutum kyauta ana shafa masa tawada? Kuma me takardar ta ce, labarin na Madam ne ko na cibiya?"

Fulbert ya sosa ƙeya. "Na cibiya ne, Baba."

"To ita wakiliya ce. Wakili ba ya kyauta da dukiyar maigida. Ko ta ce ta ba ni, ban karɓa ba, don ba tata ba ce."

Na ce to a bar Baba ya huta, ta ba ni kaset ɗin in kai wa alƙali ya ji da kunnensa. Ta ce kaset yana Yawunde a kulle, kuma ta yi wa Baba alkawarin ba wanda zai ji muryarsa. Na ce ga Baban nan zaune ya yafe alkawarin. Ta ce dokar aikinsu ba ta yarda ba, don wai wani lokaci dangi kan matsa wa tsoho ya yafe abin da ba ya so. Ta faɗi haka tana kallona ta saman tabarau.

"To rubutun da kika yi fa?" na ce. "Shi ma a kulle yake?"

Shi wannan akwai kwafi. Ta ɗauko da ɗoki, Fulbert ya karanta mana. Don a kare Baba daga sharrin masu sharri, an mai da sunansa Malam Audu. An cire sunan Ardo, an cire na mahaifina. Unguwarmu ta zama "wata unguwa a arewa". Tsamiyar ma an mai da ita kuka, wai kada wani ya bi bishiya ya gane gidan.

"An kare shi da kyau," na ce. "Ni wa zai kare ni?"

Fulbert bai fassara wannan ba, amma ta gane. Idanunta suka kawo ruwa. Ta ce ba za ta iya tsaya wa kowa a shari'ar ba, don Alhaji Mahamman ma yana cikin waɗanda ta yi hira da su, dole ta riƙe su daidai. Mace ce mai kirki, ban taɓa cewa ba ta da kirki ba. Da muguwa ce da abin ya fi mini sauƙi, da na zage ta tas na huce.

Kwana tara ina safa da marwa tsakanin tsoho mai taurin kai da mace mai taurin takarda. Na yi kuka a gaban Baba, shi ma ya yi, amma ya ƙi ƙememe. Na aika masa Sarkin Pawa, ya ce wa Sarkin Pawa, "Kai da bakinka za ka ce in ci amanar ciniki?" Sarki ya dawo yana cewa ai tsohon yana da gaskiya. Ragadada ta ƙone mini sau biyu a makon nan, abin da ban yi ba tun ina budurwa.

Ana saura kwana uku, ina kankare ganda, sai dabara ta faɗo mini. Na jefar da wuƙar na ruga gidansa.

"Baba, wakili ba ya kyauta da saniyar maigida. Amma yana iya ɗaukar dillali ya kai ta kasuwa ya nuna wa mutane?"

Ya shafa gemu. "Yana iya."

"In Madam ta ɗauke ka dillali, ta ce je ka nuna wa alƙali labarin cibiya, ka ci amanar wani?"

Fuskarsa ta washe. "Ban ci ba! Kai, Delu, jinin ubanki ne a jikinki. Amma fa dillanci ba ya tabbata sai da la'ada."

Madam ta yi ta juya maganar, ta ce a ganinta wannan ba ɗaukar ɓangare ba ne, yaɗa sakamakon bincike ne, kuma cibiyarsu na son a riƙa yin haka. Mafi daɗi ma, akwai gurbin ƙananan ayyuka a takardunta. Biyan mutum ba ya yi mata wuya, karɓa ce ba ta iyawa. Aka ba Baba la'adarsa, ya sake dangwala yatsa. Ranar na yi wa mahauta ƙarin nama kyauta, har suna tambaya ko aure zan yi.

Ranar shari'a kotu ta cika maƙil. Alƙali yana zaune a ƙarƙashin hoton shugaban ƙasa, Alhaji Mahamman a gefe yana ƙamshin turare, Madam da Fulbert a bencin baya. Baba ya sha farar riga da rawani, ya riƙo tsohuwar sandarsa ta tike. Alƙali ya ce, "Malam Hayatu, me ka sani game da filin nan?"

Baba ya miƙe, ya gyara murya. "Allah ya gafarta malam, kafin in kwance igiya, ƙa'idarmu ce a faɗi mai dabba, kada a ce ta sata ce. Labarin da zan bayar ba nawa ba ne yanzu. Na sayar wa wata cibiya a Yawunde, ga wakiliyarsu can. Ni dillali aka ɗauke ni in nuna shi."

Duk dabarata ban tuna da wannan ƙa'idar ba, ni da na girma ina jin ta.

Sannan ya fara. Ban taɓa saurarensa da gaske ba sai ranar. Ya faɗi yadda shanu suka riƙa zubewa a bakin Binuwai, yadda hannun mahaifina ya kumbura don feɗa har ya kasa riƙe ƙwarya, yadda Ardo ya cire takalmi ya taka filin da ƙafarsa. Ya lissafa shaidu bakwai da sunayen iyayensu. Daga tsamiya zuwa kwazazzabo, taku tamanin. Na ga wani dattijo daga cikin mutanen Alhaji yana gyaɗa kai bai sani ba.

Alhaji Mahamman ya tashi a natse, ya rusuna wa Baba. "Baba, tambaya biyu gare ni. An ba ka la'ada a kan zuwan nan?"

"An ba ni, a gaban shaidu."

"To tsawon zamanka a tike, ka taɓa riƙe igiyar saniya ka kushe ta a gaban mai saye?"

"Aibi ban taɓa ɓoyewa ba," in ji Baba. "Amma yabo, ai shi ne aikin dillali."

Dariya ta ɓarke. Alhaji ya koma ya zauna.

Madam ta miƙe zumbur ta shiga bayani da Faransanci, Fulbert na binta a guje. Wai kuɗin farko ladan lokaci ne, na biyu na yaɗa sakamako ne, kuma a ilimance biyan mutum ba ya nufin an sayi ra'ayinsa, akwai manyan malamai da suka yi rubutu a kan haka. Alƙali ya bar ta ta kai aya.

"Madam, kin ba shi kuɗi a kan labarin nan?"

"Wi," in ji ta, wato e.

"Sau biyu?"

"Wi, amma..."

"Madam, ni ma na zauna awa guda a gaban akwatin nan naki. Na san irin maganar da dala ɗari ke sa mutum ya yi." Ya juyo wurina. "Dela, ban ce tsohon nan maƙaryaci ba ne. Amma shaidar da aka biya lada a kanta ba ta karɓuwa, balle wanda ya ce da bakinsa talla ya zo yi. Kina da wani?"

Ba ni da wani. Aka ba Alhaji rumfa da rijiya, aka ba ni kwana bakwai in kwashe kayana.

A ƙofar kotu Madam ta tare ni tana hawaye, tana ta "fardon, fardon", wato in yi haƙuri. Na ga hannunta ya nufi jaka. Na ce, "Fulbert, ka gaya mata don girman Allah ta rufe jakar nan." Ya gaya mata, ta rufe, suka tsaya cirko-cirko har na wuce.

Baba Hayatu ne ya fito daga ƙarshe, yana jan ƙafa. Tun daga ciki nake tanadar masa maganganu, masu zafi, waɗanda ba a faɗa wa sa'an uba. Ya tsaya a gabana, ya kasa haɗa ido da ni.

"Delu, shekara hamsin da biyar ina riƙe igiyar shanun mutane. Ba ranar da ban ƙara gishiri ba, ko ɗan kaɗan ne. Yau ce rana ɗaya da ban ƙara komai ba."

"Na sani, Baba."

"Wallahi taku tamanin ne."

"Na sani."

Duk abin da na tanada ya narke, sai tausayinsa da ya cika mini ciki, da haushin kaina. Na kama hannunsa na tsallakar da shi titi.

Washegari na ciro duwatsun murhuna na shigar da su tsakar gida, na sayi ruwa wurin 'yan ga-ruwa karon farko a rayuwata. Kafin mahauta su taso, sai ga Baba ya dogaro sanda ya shigo. Ya gaishe ni, ya samu gefen bango ya zauna. Na zuba masa romo na ajiye a gabansa. Har ya huce bai taɓa ba.